Jinya da kiɗa da waƙa: yadda muke tafiyar da zama takwas a Maraɗi

Mu uku ne muke riƙe kowane rukuni: malamar asibiti da ta samu horo kan lafiyar ƙwaƙwalwa, ma'aikaciyar jin daɗin jama'a da ke shiga gidaje, da zabiya wadda ta iya ƙwarya. Matan da ake turo mana daga CSI, wato ƙananan asibitocin unguwanni, kusan koke ɗaya suke zuwa da shi. Barci ya ƙaurace, gaba na faɗuwa, tsakar ka na zafi, jiki ya mutu, abinci ba ya shiga. An ɗebi jini ba a ga zazzaɓin cizon sauro ba, an auna hawan jini lafiya lau. Sai an zauna da mace sannan a ji ɗanta ya rasu bara, ko an sake ta da goyo, ko tana cikin waɗanda suka tsallako daga Zamfara da Sakkwato da Katsina tun 2019, lokacin da ƴan bindiga suka tashi garuruwansu suka sauka yankin Gidan Rumji, daga baya wasu suka gangaro cikin gari wurin dangi. Da irin waɗannan mata muke zama sau ɗaya a mako, awa guda, har mako takwas.

Jinya da kiɗa sana'a ce mai zaman kanta a wasu ƙasashe. A Amurka ta kafu, da aka lura sojojin da suka dawo daga yaƙin duniya a firgice suna samun sauƙi idan makaɗa sun ziyarci asibitocinsu. A 1944 aka buɗe karatun digiri na farko a fannin a jihar Mishigan, a 1950 masu sana'ar suka kafa ƙungiyarsu. Tun kafin nan da ɗaruruwan shekaru, asibitin da Sultan Bayazid na Biyu ya gina a Edirne ta Turkiyya a 1488 yana kwantar wa masu taɓin hankali rai da kiɗa da ƙarar ruwa. Mu ba mu riƙe da wancan digiri, don haka ba ma kiran kanmu da sunan masu shi. Ƙa'idojinsu muke aro, muna aiki da su a ƙarƙashin idon ma'aikacin lafiya. Abin da ya ƙarfafa mana gwiwa biyu ne. A 2017 masu tace bincike na Cochrane sun haɗa gwaje-gwaje 9 da aka yi kan mutum 421, suka ga idan aka ƙara jinyar kiɗa a kan maganin da aka saba bayarwa, ciwon damuwa ya fi saurin sauka, aƙalla cikin watannin farko. Na biyun ya fi kusa da mu: a Gambiya an gwada zaman waƙa na mako shida da mata masu ciki, ƙungiyoyin matan Kanyeleng suna jagora, sakamakon da aka fitar a 2020 kuma ya nuna alamun damuwa sun ragu. A lura da kalmar “ƙara”. Kiɗa ƙari ne a kan magani da shawara, ba ya maye gurbinsu.

Kafin mace ta taɓa ƙwarya, sai malamar asibiti ta zauna da ita su biyu na rabin awa. Tana yi mata tambayoyi 20 na takardar SRQ-20 ta Hukumar Lafiya ta Duniya, waɗanda amsarsu “i” ce ko “a'a”, a kan abin da ta ji cikin kwana 30 da suka wuce: ciwon kai, barci, rawar hannu, yawan kuka, gajiya. Wadda “i” ɗinta ya kai 8 ko ya wuce, muna ɗaukar tana cikin damuwar da ke son kulawa. Tambaya ta 17 ita ce ko ta taɓa tunanin kashe kanta. Ana yinta ƙarara, da murya mai taushi, ba a tsallake ta don kunya. Duk wadda ta ce “i”, ranar nan za ta ga likita, rukuni sai daga baya. Haka wadda ke jin muryoyin da wasu ba sa ji, da wadda ta yi kwanaki ba barci amma ƙarfi ya yi mata yawa tana zuba magana ba tsayawa, domin kiɗa ƙara tunzura irin wannan yake. Mai farfaɗiya muna tambayarta ko tana shan maganinta a kan kari, da ko wani sauti ya taɓa tayar mata da ciwon. Abu ne da ba a cika gani ba, amma yana faruwa.

Daga nan sai tambayoyin kiɗan kansa, waɗanda su ne ke tsare mu daga ɓarna. Wace waƙa mahaifiyarki ko kakarki ke yi miki? Wace kike yi in kina daka ko wanki? Akwai waƙa ko kiɗan da ba ki son ji ko kaɗan? Akwai ƙarar da ke faɗar miki da gaba? Matan da suka gudo daga hari sukan ambaci ƙarar babur, da bugun ƙofa, da duk wani abu mai tashi farat ɗaya. Sai tambayar da ba a yinta da gaggawa: ko ta taɓa shiga bori, ko iska ta taɓa hawanta, ko an taɓa yi mata girka. A Maraɗi da Tibiri wannan ba baƙon zance ba ne, kuma kowace iska da takenta. Muna rubuta amsoshin, zabiya ta haddace su.

Batun addini muna buɗe shi tun ranar farko. Malamai sun saɓa a kan kayan kiɗa, a gari ɗaya ma akwai gidan da ake buga bandiri da gidan da ko rediyo mai kiɗa ba a kunnawa. Ba aikinmu ba ne mu yi wa kowa fatawa. Muna da rukuni iri biyu: na ƙwarya da tafi da murya, da na murya zalla, inda ake waƙoƙin reno da na wa'azi da yabon Annabi, ana riƙe kari da tafin hannu a cinya. Mace ta zaɓa. Ma'aikaciyar jin daɗin jama'a tana zuwa wurin maigida ta yi masa bayani da kanta: “Malam, mata ne zalla, a cikin ɗaki, awa guda, ba rawa, ba kuɗi, ba a ɗaukar hoto.” Inda aka tsallake wannan ziyara, a mako na uku sai a nemi mace a rasa.

Ɗakin da muke so mai ƙofa ɗaya ne da taga, nesa da bakin titi da injin niƙa. Tabarma a zagaye, kujera biyu don masu ciwon gwiwa da masu tsohon ciki, randar ruwa da moɗa a gefe. Ba wadda za ta zauna ta ba ƙofa baya in ba ita ta so ba. Wadda ta taɓa gudun tsira tana son ganin mafita. Mata 8 zuwa 10 ne iyaka. Ƙasa da 6 kowa sai ta ji ana kallonta, sama da 12 kuma jagora ba ta iya bin fuskar kowa. Lokaci, da hantsi bayan an sallami yara lakwal, ko bayan la'asar. A watan Afrilu da Mayu, da zafi ke haura digiri 40, hantsi kawai muke yi, don mai jin ƙishirwa da gumi ba ta natsuwa. Masu goyo su zo da jariransu, amma yaran da suka iya maimaita magana a bar su gida.

Kayan aiki ba su da yawa. Ƙwarya huɗu ko biyar masu girma daban-daban, a kife su a kan tsumma ko matashi don kada su yi ƙarar ƙasa. Masaki ɗaya da ruwa rabinsa, a kifa ƙaramar ƙwarya a ciki. Wannan ita ke ba da amo mai zurfi, mai taushi, kuma da ita muke riƙe karin zama gaba ɗaya. Shantu biyu, caki biyu. Tsinken kiɗa muna naɗe bakinsa da ƙyalle, domin ɗanyen itace a kan busasshiyar ƙwarya yana ba da ƙara mai kaifi da ke razana masu firgita. Da hunturu ƙwarya takan tsage, amonta ya mutu, sai a riƙa ajiye ta cikin buhu nesa da rana. Goge da garaya ba ma shigowa da su, duk da daɗinsu, saboda a kunnen mutanen nan sun ɗauru da wasan bori. Kalangu da ganga sun fi ƙarfin ƙaramin ɗaki. Lasifika ma ba ma so. Waya ɗaya ce ke aiki, ta malamar asibiti, mai manhajar ƙirga bugu a minti, sauran duk a kashe su a zuba cikin kwando.

Kowane zama da waƙa ɗaya yake buɗewa, ita ce dai har mako takwas. Gajera ce, zabiya na bayarwa ana amsawa, ana gaida kowace mace da sunan da ta zaɓa a kira ta. Minti biyar. Maimaita ta da gangan ne: jikin da ya saba zaman ɗar-ɗar yana sakin kansa idan ya san abin da ke tafe. Bayanta kowace ta nuna yadda ta zo da yatsu, ɗaya in zuciya ta yi nauyi ƙwarai, biyar in ta yi sakayau, mu rubuta.

Sai a zagaya da ƙwarya. “Inna, buga mana yadda kika kwana.” Kusan kullum amsar farko ita ce, “Ƴata, ni ban iya kiɗa ba.” Zabiya sai ta ce, “Ai kin iya daka, Inna. Yi mana luguden da hannunki ya saba.” Kowace tana da rabin minti zuwa minti ɗaya. Idan ta gama, rukuni duka ya maimaita mata abin da ta buga, daidai yadda ta buga shi, ba gyara ba ƙari. A nan ne mata da yawa ke fara ɗaga kai. Wadda ta shekara tana faɗin ciwonta ana ce mata ta yi haƙuri, yau ta buga abu mutum tara sun mayar mata da shi. Mu kuma a lokacin muke karatu. Wadda ke bugu da sauri, a gaggauce, tana tsinkewa, fargaba ce ke cinta. Wadda hannunta da ƙyar yake tashi, bugu ɗaya sai dogon shiru, damuwa ce ta danne ta. Wadda ta ɗora wa ƙwarya dukan da ya sa na kusa da ita suka zabura, akwai fushin da bai samu hanya ba.

Zuciyar aikin ita ce mintuna 15 zuwa 20 da ke biye. Ƙa'idar da muke bi wani likitan ƙwaƙwalwa ne mai suna Ira Altshuler ya bayyana ta a shekarun 1940, a wani asibiti kusa da Ditroyit: a fara da kiɗan da ya yi daidai da halin da mutum ke ciki, sannan a ja shi sannu a hankali zuwa inda ake so. Kamar akuyar da ta tsinke ce, sai ka bi ta da gudu ka kama igiya, ka ɗan tafi tare da ita, kafin ka rage mata sauri. Kuskuren da kowa ke fara yi shi ne ya ga mace a firgice ya sa mata abu mai sanyi tun farko, ko ya ga mai baƙin ciki ya tayar mata da kiɗan biki. Ta farkon sai ta ƙara jin ƙunci, ta biyun ta ji an yi watsi da ita.

Ga yadda muke yi. Idan yawancin rukuni sun zo a tsorace, bugunsu yakan kai 110 zuwa 120 a minti. Zabiya ta kama ƙwaryar ruwa a daidai wannan sauri, kowa ta shiga da abin da ke hannunta, a riƙe haka minti biyu cur har hannaye su haɗu. Daga nan take rage kamar bugu 5 duk bayan minti ɗaya ko ɗaya da rabi, tana rage ƙarfin hannu tare da saurin. Malamar asibiti na duba waya tana yi mata alama da ido. Inda ake so a sauka shi ne tsakanin 60 da 70, kusa da bugun zuciyar mai hutawa. Saukar takan ci minti 10 zuwa 12. In aka yi gaggawa, nan take za a gane: caki ya wuce gaba, shantu ya rikice, wata ta ajiye tsinke ta naɗe hannu. Magani shi ne a koma saurin da aka baro, a sake riƙewa, a sake sauka. Idan kuwa rukuni ya zo a mace, ta ƙasa ake farawa: bugu 55 zuwa 60, murya ƙasa-ƙasa, a riƙa hawa har 85 ko 90, a tsaya nan. Ba a kai su ga guɗa da rawa, don wadda aka ɗaga sama da yawa cikin awa guda takan faɗo da ƙarfi idan ta koma gida. Ranar da rukuni ya rabu biyu, masu fargaba muke fara bi, domin mai nauyin zuciya tana iya jure sauri na ɗan lokaci, mai fargaba kuwa ba ta iya jure jira.

Da an sauka sai a ajiye kaya a koma numfashi. A ja iska ta hanci ana ƙirga huɗu, a fitar da ita da gunji, baki a rufe, ana ƙirga shida. Wannan yana ba da numfashi kusan 6 a minti. Dogon fitar da iska yana motsa jijiyar da ta sauko daga ƙwaƙwalwa zuwa zuciya da huhu da ciki, ita kuma ta sassauta bugun zuciya. Mata sun fi kama shi idan aka ɗora a kan waƙar reno, don layinta dama dogo ne mai lilo. Minti uku zuwa huɗu ya isa. Wadda ta ji jiri, iska take ja da yawa. A ce ta rage zurfin ja, ta bar fitarwa yadda take. Ba ma tilasta wa kowa rufe ido. Bayan gunji sai shiru na minti ɗaya cikakke, kuma jagora ta daure kada ta cike shi da magana. Sai a buɗe fili na minti 10: “Me ya zo miki?” Ba a tambayar mace labarin abin da ya same ta. In ta kawo shi da kanta a saurara, in ta ce ba komai a ce madalla. A rufe da waƙar sallama, a sake nuna yatsu.

Zama na ɗaya da na biyu iyakarsu ke nan. A na uku da na huɗu kowace tana kawo waƙarta, mata biyu ko uku a zama ɗaya, ta rera ko ta koya wa zabiya. Waƙar da mutum ya tashi da ita ta fi duk wadda za a zaɓa masa aiki. Masu bincike a Jami'ar McGill ta Kanada sun nuna a 2011 cewa ƙwaƙwalwa na sakin sinadarin dofamin, mai sa jin daɗi, lokacin da mutum ke sauraren kiɗan da shi kansa ya zaɓa yake ratsa shi. A waɗannan makonni ne kuka ke zuwa. Kuka ba ɓaci ba ne, kuma ba a tsayar da kiɗa dominsa. Zabiya ta rage ƙarfi ta ci gaba da riƙe kari, na kusa da mai kukan ta matso in ta yarda, a bar ta ta gama. Abin da muke hanawa shi ne rubdugun “yi haƙuri, yi shiru”, wanda da kyakkyawar niyya ake yinsa amma rufe mata baki yake.

Firgita daban take da kuka, kuma dole jagora ta iya bambanta su. Ido ya kafe, numfashi ya dawo sama-sama, hannu na rawa, mace ba ta jin ana kiranta. Nan kiɗa yake tsayawa, amma a hankali cikin bugu uku ko huɗu, don yankewa farat ɗaya ƙarin razana ce. Mutum ɗaya ce za ta yi mata magana, daga gabanta, ba a taɓa ta ta baya: “Yaya, kina Maraɗi. Yau Talata. Ga tabarma ƙarƙashinki, shafa ta. Faɗa mini abu biyar da kike gani a ɗakin nan.” A ba ta ruwa ta riƙe moɗar da hannunta. Sauran mata su zauna inda suke, ta biyunmu ta riƙe su da gunji mai taushi. Bayan zama a binciko abin da ya tayar, sau da yawa bugun da ya zo ba zato ne, ko wani layi a waƙa. In abin ya zo da siffar hawan iska, matakin ɗaya ne: a tsayar da kiɗa, a kawar da abin da zai ji mata ciwo, a jira. Ba ma yi mata gardama a kan abin da ta yi imani ya same ta, ba ma kuma mayar da zaman wurin ruƙiyya ko wasa. Malamar asibiti dai za ta duba ko farfaɗiya ce, ta tambayi ko ta ciji harshe, ko fitsari ya kufce mata, ko ta tashi a ruɗe.

Zama na biyar da na shida rukuni ke haɗa waƙarsa. Kowace ta ba da layi ɗaya daga bakinta, abin da take so ta faɗa wa zuciyarta ko wanda ta rasa. Zabiya ta jera su a kan karin da suka saba, su zaɓi amshi tare, gajere da kowa za ta riƙe, irin “zauna ƴar'uwa, ba ke kaɗai ba ce”. Ba a gyara wa mace kalmarta don ta yi daɗi. In layi ya yi tsawo, kari ake buɗewa ya ɗauke shi. Doka ɗaya ce mai tsauri: ba habaici, ba ambaton sunan kishiya ko miji ko uwar miji. Waƙa tana fita daga ɗaki ko an hana, kuma layi ɗaya na zambo ya isa ya kashe aure ya watsa rukuni.

Ita kanta zabiya sai an yi aiki a kanta kafin a fara. Sana'arta ta koya mata ta cika fili, ta wasa mai kuɗi, ta ɗaga taro. A nan ana so ta yi ƙasa da kowa, ta bi hannun wadda ta fi rauni, ta jure shiru. Muna yin zama biyu ko uku na gwaji da ita kaɗai, ana biyanta ladanta a waje, a kuma gaya wa mata ba liƙi. Ranar da aka fara manna mata jika a goshi, zaman ya zama biki, marasa hali su koma baya. Irin wannan matsala ce da mace mai ƙarfin hannu da ke danne kowa. Ba a tsawata mata a gaban mutane. A ba ta ƙwaryar ruwa a ce ita ce mai riƙe wa kowa kari, nauyin sauraren wasu ya hau kanta. Sirri kuwa kowane zama ake sabunta alkawarinsa da baki, domin unguwa ɗaya ce, famfo ɗaya ake ɗiban ruwa.

Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne mace ta ji sauƙi a mako na huɗu ta ajiye maganinta. Magungunan ciwon damuwa irin su amitriptyline da fluoxetine sukan ɗauki makonni kafin a ga aikinsu, kuma ana ci gaba da shansu watanni bayan an warware. Na farfaɗiya kuwa yanke shi farat ɗaya yana iya dawo da ciwon da ƙarfi. Saboda haka duk zama malamar asibiti tana tambayar masu shan magani ɗaya bayan ɗaya, a gefe. Samari masu shan tramol da ake kawo mana, ba ma sa su a wannan tsari. Nasu yana farawa ne daga likita, kuma rukuninsu daban yake, da namiji a gaba.

Zama na bakwai na aikin gida ne. Kowace ta tsara wa kanta waƙa uku a jere: ta farko daidai da yadda take ji in abin ya taso, ta biyu tsaka-tsaki, ta uku inda take so ta sauka. Minti 15 gaba ɗaya, a lokaci ɗaya kullum, galibi bayan isha'i. Wadda ba ta da waya ta rera da bakinta, shi ma ya fi, don numfashi na ciki. Masu sa abin kunne muna gaya musu kada ƙara ta wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarfin waya. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya ga babba shi ne ƙara mai ƙarfin desibel 80 (awon ƙarfin sauti) na awa 40 a mako, in ƙara ta haura haka lokacin da kunne ke jurewa yana raguwa da sauri. Muna kuma jan kunne a kan maƙalewa a waƙar farko. Mace ta kunna waƙar da ke tuna mata da mamaci ta yi ta maimaitawa har tsakar dare, wannan tono ciwo ne. Alamar gane shi mai sauƙi ce: bayan minti 15, in nauyin ya ƙaru, a kashe, a tashi a yi alwala ko a fita tsakar gida, gobe a fara daga waƙa ta biyu.

Tun zama na shida muke sanar da cewa saura biyu, don waɗanda aka raba da nasu ba shiri kada mu ma mu ɓace musu haka. A na takwas ana rera waƙar rukuni daga farko har ƙarshe, kowace ta faɗi abin da za ta ci gaba da yi, a yi sallama. Cikin makon malamar asibiti ta sake zama da kowace a kan tambayoyi 20 ɗin nan, ta kwatanta da na farko, ta duba yatsun da aka rubuta mako-mako da yawan zuwa. Barci ne yakan fara gyaruwa, sai cin abinci, sai mace ta koma ƙaramar sana'arta. Wadda makinta ya sauka ƙasa da 8, ma'aikaciyar jin daɗin jama'a za ta leƙa ta bayan wata ɗaya. Wadda nata bai motsa ba ko ya hau, ko ta rasa zama fiye da uku, ana rubuta mata takarda zuwa sashen masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a babban asibiti, ɗayanmu ta raka ta ranar farko, a kuma bar mata gurbi a rukuni na gaba in likita ya yarda.